ZARE: Takardun da ɗan jirgi mai inji ke buƙata kafin ya tsallaka iyaka, da waɗanda mu ba a tambayar mu

1/
Duk sanda jirgin ruwa ya kife a Kebbi ko Neja ko Kwara, magana biyu ce ke cika nan: "Allah ya jiƙan su" da "gwamnati ta kafa doka". Ta farko, amin summa amin. Ta biyun nake so mu ɗan zauna a kanta, don doka suna ta tara, takarda ma haka. Zan bi ta doguwar hanya: Baturen da ke da ɗan jirgi mai inji, zai tafi hutu da shi wata ƙasa. Ku yi haƙuri ku biyo ni 🧵

2/
Na san akwai mai cewa, mu da ke fama da kuɗin makaranta ina ruwanmu da hutun masu hannu da shuni. Ni ma ko gorar iyo ban mallaka ba 😅 Amma jakar takardun mutumin nan tana da amfani, domin kowace takarda a ciki amsar wata tambaya ce da hukuma ta yi kafin ta bar shi ya ɗora iyalinsa a kan ruwa. In ka ga tambayoyin, za ka gane waɗanda mu ba a yi mana su.

3/
Mu ɗauki ɗan Ingila mai jirgi ɗan mita shida ko bakwai, yana so ya tsallaka Faransa. Inda ruwan ya fi tsukewa, wajen Dover, kusan kilomita 33 ne. Bai kai daga Kano zuwa Wudil ba. Abin mamaki, a tekun ƙasarsa doka ba ta tilasta masa lasisin tuƙi ko rajista ba, muddin jirgin ƙarami ne kuma na shaƙatawa ba na haya ba. Ranar da ya nufi ƙasar wasu, ranar jakar takardu ke fara nauyi.

4/
Tambayar farko: jirgin nan ɗan wace ƙasa ne? E, jirgi ma yana da ƙasa kamar mutum. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ce jirgi ɗan ƙasar da yake ɗauke da tutarta ne, kuma ita ce ke da alhakinsa. Birtaniya tana da rajistar ƙananan jirage, waɗanda ba su kai mita 24 ba. Ana sabunta ta duk shekara biyar, a ba ka lamba ka rubuta a jikin jirgin inda kowa zai gani.

5/
Jirgin da ba shi da tuta a tsakiyar teku kamar akuya ce marar shaida a kasuwa, kowane mai kaki na iya tare ta ya ce ta waye. Shi kuwa mai rajista, tutar ƙasarsa na baya, in ya shiga ruwan wasu kuma sai ya ɗaga 'yar ƙaramar tutarsu. Sallama ce kawai, irin ta baƙo mai tarbiyya.

6/
Tambaya ta biyu: ka iya tuƙi? A Faransa in injinka ya wuce ƙarfin doki 6 sai da lasisi. A Jamus, mafi yawan wurare, in ya wuce 15. Ku tuna injin da ke bayan jiragen fito namu, Yamaha mai 40 ko mai 75, ya ninka wannan sau nawa.

7/
Da yake kowace ƙasa da nata lasisin, sai aka fito da wata shaida da ake kira ICC, ƙarƙashin wani ƙudurin hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1998. Ba duk ƙasashe ne suka sa hannu ba, amma ita ce takardar da aka fi ganewa. A Ingila horon kwana biyu ya isa a ba ka ta jirgin da bai wuce mita 10 ba. In za ka shiga koguna da magudanan ruwan cikin ƙasa, akwai ƙarin jarrabawar alamomin hanya da ake kira CEVNI.

8/
Me ake koya a kwana biyun? Wa zai kauce wa wani in jirage biyu suka yi gaba da gaba. Ma'anar jar alama da koriya. Fitilun dare. Yadda za ka juyo ka ɗauki wanda ya faɗa ruwa ba tare da farfelar inji ta sare shi ba. Da wata 'yar jar igiya da matuƙi ke ɗaurawa a cinya, in ya faɗa sai ta fizgo makulli inji ya mutu nan take. Igiyar da kuɗinta bai kai na data ɗin wata ba.

9/
Mashigin Dover kuma babban titin manyan jirage ne, ɗaruruwa ke wucewa kullum, kowane ɓangare da hannunsa. Dokar kauce wa karo ta 1972 ta ce mai tsallakawa ya yanka kai tsaye, kada ya bi a karkace. Duk wanda ya taɓa tsallaka titin Kaduna zuwa Abuja da ƙafa ya san hikimar. Ba wurin yanga ba ne.

10/
Tambaya ta uku: in ka yi wa wani ɓarna, wa zai biya? Inshora kenan. Sifaniya da Italiya da Girka sun wajabta ta, har ana so takardar ta zo da fassara cikin harshensu don jami'in tasha ya karanta da kansa. Ta huɗu: in ka shiga uku, yaya za ka kira agaji? Rediyon oba-oba na ruwa, tasha ta 16. Na'urar da lasisinta, mai magana a ciki ma da nasa, saboda kada a mayar da layin neman ceto dandalin hira. Ku ƙaddara an ba 'yan ajinmu wannan layin 😂

11/
Ta biyar: su wa da wa ke ciki? Ƙasa kamar Kuroshiya tana neman jerin sunayen mutanen da ke cikin jirgin da ya shigo daga waje. Suna, ƙasa, lambar fasfo. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kanta.

12/
Yanzu ga wadda ta fi burge ni, kuma ba ma takarda ba ce. Tun 1998 sabon jirgin shaƙatawa daga mita biyu da rabi zuwa 24 da za a sayar a Tarayyar Turai sai da ɗan farantin ƙarfe ko roba a manne kusa da matuƙi. A jikinsa an rubuta mutum nawa jirgin zai ɗauka, da kilo nawa na kaya. Hoton mutum, sai lamba a gefe. Ko ba ka taɓa shiga aji ba za ka karanta.

13/
Farantin yana kuma faɗin irin ruwan da aka ƙera jirgin dominsa, daga A zuwa D. Mai C zai iya da igiyar ruwa har mita biyu. Mai D na ruwa mai kwanciya ne, tafki da ƙaramin kogi. Wato maƙerin ya sa hannu ya ce iyakar abin da na ƙera kenan, in ka wuce haka kai ka jiyo.

14/
Duk waɗannan da na lissafo tuli ɗaya ne: takardun da ke tsakanin mutum da nutsewa. Akwai tuli na biyu, kuma shi ya fi ba Turawan kansu ciwon kai. Haraji.

15/
Misali mai ban dariya. Da Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai, ƙarfe 11 na daren 31 ga Disamban 2020, matsayin harajin jirgi ya koma kan inda jirgin ya kwana a daren nan. Wanda ke ɗaure a Faransa daban, wanda ke Ingila daban. Mutane suka dinga adana rasiɗin tasha kamar takardar gado. Yanzu jirgin baƙo na iya zama wata 18 a Tarayyar kafin a nemi haraji, amma mai shi kwana 90 kacal cikin kowane 180 aka yarda masa. Jirgi ya fi ubangidansa gata.

16/
Ga kuɗin bin magudanan ruwan Faransa. Ga harajin Girka kan jirgin da ya wuce mita 7. Har jami'an kwastan na Beljiyam sun taɓa cin tarar 'yan Birtaniya saboda an samu jan gas a tankinsu, wato man da aka rina don a gane mai rangwamen haraji ne. Ban ce duk zalunci ba ne, magudanar ruwa sai da kuɗin gyara. Amma ko ɗaya daga ciki bai taɓa tsamo yaro daga ruwa ba.

17/
Kuma kada wani ya ɗauka na zo yabon Turai ne. A wannan mashigin dai, sama da mutum 45,000 ne suka tsallaka zuwa Ingila a kwale-kwalen roba a 2022. A 24 ga Nuwamban 2021 aƙalla 27 suka mutu a dare ɗaya. Ruwa ɗaya, jirgi iri biyu. Ɗaya da faranti da inshora da tuta, ɗayan an danƙara mutane kamar buhunan gero. Abin da ya raba su fasfo ne. Kai ɗan Najeriya ko ka haɗa duk takardun da na faɗa, sai ka biya Yuro 90 na neman biza, in an hana ka kuma kuɗin sun tafi.

18/
To mu dawo gida, don a nan maganar take.
Da yawanmu ba mu san wannan ba: a 26 ga Oktoban 1963 ƙasashen da ke kan Kogin Kwara sun sa hannu a wata yarjejeniya a Yamai, wadda ta buɗe zirga-zirga a kogin da rassansa ga jiragen kasuwanci, da na fasinja, har da na shaƙatawa. E, na shaƙatawa. Shekara uku da samun 'yancin kai kakanninmu sun riga sun hango ɗan Yawuri zai hau jirginsa ya tafi yawon buɗe ido Yamai.

19/
Kogin nan kusan kilomita 4,180 ne. Daga tsaunukan Gini, ya ratsa Bamako, ya gifta kusa da Tumbuktu, Gao, Yamai, Gaya, ya shigo ta Kebbi, Yawuri, Kainji, Jebba, Lakwaja, Onica har teku. Akwai hukumar ƙasashe tara da ke kula da shi, hedikwatarta na Yamai. A takarda dai, hanya ce ta ƙasa da ƙasa tun kafin a haifi iyayenmu.

20/
Yanzu a ce Alhaji a Yawuri ya sayi ɗan jirgi mai inji, yana so ya kai iyali yawon sallah Gaya. Shi mutum, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90 ba biza. Nijar ta fice daga ƙungiyar a 29 ga Janairun 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutane suna wucewa har sai an sanar da wani abu. Da mota zai tafi, an jero masa komai: lasisi, shaidar mallaka, inshora, takardar kwastan. Har katin inshora na yankin akwai tun 1982.

21/
Wancan katin na mota ne. Jirgin fa? Wanda ya san takarda ɗaya da jami'in Najeriya da na Nijar da na Benin za su duba su ce "wuce Alhaji", ya ajiye mana hotonta a ƙasan zaren nan. Kuma duk wanda ya taɓa bin iyaka ya san abin da ke faruwa inda matafiyi bai san ƙa'ida ba. Bakin mai kaki ke zama ƙa'idar, farashin kuma ya danganta da shaddar da ka sa.

22/
Ƙari a kan haka, tsakanin Nijar da Benin iyakar cikin ruwan take. A 2005 kotun duniya ta yanke cewa layin yana bin inda ya fi zurfi a babbar hanyar jirage, ta kuma ba Nijar tsibirin Lete. Wato mai fito na iya kauce wa tudun yashi ya tsinci kansa a wata ƙasa bai sani ba 😅

23/
Kuma a wajenmu wannan ba zancen hutu ba ne. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kwale-kwale ne ya koma gada. Mutane, buhuna, babura, duk ta ruwa. Abin da Bature ke yi don nishaɗi sau ɗaya a shekara, talakanmu na yin sa don tuwon dare.

24/
A cikin gida muna da hukuma. NIWA, an kafa ta a 1997, hedikwata a Lakwaja. Tana da dokoki: a yi wa jirgi rajista, a sa rigar kariya, ban da lodin wuce kima, ban da tafiyar dare. A 2023 ma an ƙirƙiro ma'aikata sukutum ta harkokin ruwa. Saboda haka masu cewa "a kafa doka", an kafa. Tana nan.

25/
Amma ku duba wace tambaya ce ta kai har Kotun Ƙoli. Masu jirage a Legas ne suka gaji da biyan kuɗi wuri biyu, suka je kotu a faɗa musu wa za su biya, jiha ko tarayya. Aka shafe sama da shekara goma, sai a Janairun 2024 aka ce tarayya. Tuli na biyu kenan, na haraji. A kansa ake ɗaukar manyan lauyoyi. Wa ya taɓa kai ƙara don a ba shi ikon ƙirga fasinja a bakin ruwa?

26/
Ku koma ku karanta labaran haɗurran nan, ku lura da kalma ɗaya: "kimanin".
26 ga Mayun 2021, jirgin da ya nufi kasuwar Wara a Ngaski ya dare a tsakiyar ruwa. Wasu suka ce mutum 160 ne a ciki, wasu suka ce 180. Waɗanda aka tsamo da rai ashirin da 'yan kai. Tsakanin 160 da 180 akwai mutum ashirin. Kowannensu da uwa, da suna, da wanda ke jiran ya dawo da cefane.

27/
Nuwamban 2021, Bagwai a Kano, aƙalla 29, akasari yaran Islamiyya masu zuwa Mauludi. Yunin 2023, Patigi a Kwara, sama da 100, 'yan biki masu dawowa cikin dare. 1 ga Oktoban 2024, Gbajibo a Mokwa, "kimanin" 300 a jirgi ɗaya, da daddare, yawanci mata da yara. Kullum kimanin. Masu ninƙaya na ta lalube a ruwa ba su san ranar da za su ce mun gama ba, don ba wanda ya san adadin da ake nema.

28/
Wallahi wannan ya fi komai ci mini rai. Ka je tashar mota za ka Abuja, kafin a tashi sai an miƙo takarda ka rubuta sunanka da lambar ɗan uwanka. Ba kwamfuta, ba intanet, biro ne da takarda. Me ya hana littafi mai bango ɗaya a kowane bakin fito? Jirgin wane, ya tashi ƙarfe kaza, ga sunaye. Littafin ya zauna a tudu, kada ya bi jirgin.

29/
Sai farantin nan. Mu ba ma buƙatar ƙarfe. Fenti. A auna jirgi sau ɗaya, a rubuta 60 ko 80 ɓaro-ɓaro a gefensa, a ja layi a jikin katako wanda in ruwa ya rufe shi an san lodi ya wuce. Layin ya fi lambar ma muhimmanci, don buhun masara da babur ba sa cikin ƙidayar kawuna amma jirgi yana jin su.

30/
Abin da ya sa na nace kan fenti: shi kaɗai ne dokar da fasinja ke iya karantawa da kansa. Yanzu in tsohuwa ta ce "yaro jirgin nan ya cika", sai ɗan kamasho ya ce "Hajiya matsa ciki, kullum haka muke tafiya". Ba ta da hujja. In akwai lamba, tana da abin nunawa da yatsa, kuma na kusa da ita za su taya ta.

31/
Rigar kariya kuma a daina raba ta don hoto. Ta zama ita ce tikiti. Jirgi mai lamba 60, riga 60 a bakin ruwa. Ka biya, a sa maka, ka shiga. Riguna sun ƙare, lodi ya ƙare. In an isa a tuɓe a ba masu dawowa. Ba sai an kawo mai digiri ya yi lissafi ba.

32/
Batun iya tuƙi yana son a yi shi da ladabi. Sarkawa da Gungawa da Nufawa sun gaji ruwan nan kaka da kakanni, ba wani ɗan boko da zai koya musu inda kogi ke da rami. Amma sanin ruwa daban, sanin inji daban. Kakan da ya tuƙa da filafili bai taɓa jan mutum ɗari biyu da gudu cikin duhu ba, kuma tun da aka datse Kainji a 1968 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa da ba sa gaisawa da kowa. Gwajin baka da na aiki, da Hausa ko Nufanci, a bakin ruwa, dattawan sana'ar na zaune a wurin. Kyauta.

33/
Wa zai riƙe littafin da rigunan? Ba jami'in da za a turo daga Lakwaja ya zo ranar kasuwa ya koma ba. Muna da Sarkin Ruwa, muna da Sarkin Jirgi, muna da ƙungiyoyin masu fito. Su ne ke wurin da asuba, su ake tasowa in abu ya faru, su ke shiga ruwa neman gawa. A ba su aikin a hukumance, da ɗan alawus, kuma a tambaye su in jirgi ya tashi ba a rubuta ba.

34/
Na san abin da za ku ce, don ni ma ɗan ƙasar nan ne: "Malam, kowace sabuwar takarda sabon shinge ce." Gaskiya ne. Mun ga yadda fatikular mota ta koma hanyar na goro. Shi ya sa duk abin da na kawo ba wanda ake saya a ofis. Fenti, littafi, riga, gwaji kyauta. Ranar da aka ce a biya dubu biyar a karɓi sitika, an koma tuli na biyu, kuma zan fi kowa surutu.

35/
Masu cewa "kwana ne ya ƙare", ba mai musun ajali. Amma malamanmu sun sha faɗa cewa tawakkali bai hana riƙo da sababi ba. Mutumin da ke kulle shagonsa da kwaɗo biyu ba zai ce mini ƙirga yara a jirgi rashin imani ne ba.

36/
Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Jirgi ɗaya ne a garin, kasuwa sau ɗaya a mako, fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. In ka ce mutum 80 kawai, ko kuɗin fito ya ninka, ko a bar mutum ɗari a gaɓa da kayan miya na ruɓewa. Wasu kuma ruwan suke bi, har cikin dare, don titin ya mutu ko 'yan bindiga sun tare shi. Mai hana su shiga jirgi sai ya faɗa musu ta ina za su bi.

37/
Amsata: lambar ce za ta tona wannan asirin. Yau lodi yana ɓoye ƙarancin jirage, shugaban ƙaramar hukuma na barcinsa. Ranar da littafi ya nuna cewa duk Laraba mutum 300 ke neman tsallakawa a wurin da jirgin 80 ne kaɗai, an samu abin ɗauka a kai gaban gwamna: ga jirage nawa muke buƙata, ga man sawu nawa za a tallafa. Wanda ke iya sayen jerin motocin rakiya zai iya sayen jirgin fito uku.

38/
Kuma kada mu ruɗi kanmu cewa rajista kaɗai magani ce. Jirgin Joola na Senegal na gwamnati ne, sojoji ke tafiyar da shi, yana da suna da tuta da komai. An ƙera shi don mutanen da ba su kai 600 ba. A 26 ga Satumban 2002 ya kife a gaɓar Gambiya, mutum 1,863 suka rasu a ƙidayar hukuma, fiye da na Titanic. Lambar na rubuce. Ba a samu wanda zai tsaya a ƙofa ya ce ya isa ba.

39/
In aka yi waɗannan a gida, na tsallaka iyaka ba zai yi wuya ba. Lamba a jikin jirgi, katin matuƙi, jerin sunaye. Hukumar nan ta Yamai ta zaunar da Najeriya da Nijar da Benin su amince da na juna, da Hausa da Zabarmanci da Dandanci da Faransanci a kati ɗaya. 'Yan siyasa na iya ci gaba da rigimarsu, masu fito a Lolo da Gaya da Malanbil dama ba su daina gaisawa ba.

40/
'Yan Yawuri, Wara, Shagunu, Patigi, Ibi, Numan, Gaya, da duk mai bakin ruwa kusa: ranar kasuwa mai zuwa don Allah ku leƙa. Akwai lamba a jikin jirgin? Akwai mai rubuta suna? Riga nawa kuka gani, mutum nawa suka shiga? Ku ɗauko hoton jirgin, ban da fuskokin mutane, ku ajiye a nan da sunan garin. Zan tattara su wuri ɗaya kafin ruwa ya cika a watan Agusta.